Batir Ya Gaji Inji: Nazari a Kan Motar Lantarki da Sauyin Kasuwar Motoci

Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wani daga cikin malamanmu, ko ɗalibai 'yan'uwana, ya yi mamakin ganin zancen mota a cikin mujallar da aka saba cika ta da nazarin waƙa da nahawu da al'adu. Hanzarina shi ne, harshen da ba a gwada shi da zancen zamani ba, ba a san iyakar ƙarfinsa ba. Sa'an nan kuma Bahaushe ya daɗe da mota. Tun daga gingimari da a-kori-kura har zuwa a-daidaita-sahu, kowace ya raɗa mata suna, kowane ƙarfe na cikinta ya san yadda zai kira shi. To, motar nan da ya sani tana cikin sauyawa, sauyin da ba a ga kamarsa ba tun sa'ad da Henry Ford ya fito da motarsa Model T a 1908.

Abin da wannan maƙala take son nunawa abu ɗaya ne. A da, darajar mota tana cikin injinta, saboda haka ƙasashen da suka ƙware wajen ƙera inji, watau Amurka da Jamus da Japan, su ne suke juya kasuwa. A motar lantarki kuwa, darajar ta tashi daga inji ta koma cikin batir, kuma a yau ƙasar Sin ce take riƙe da batir. Labarun da muke ji na ƙarin kuɗin fito a Amurka, da rage ma'aikata a Jamus, da rububin haƙar duwatsu a Afirka, duk rassa ne da suka tsiro daga wannan gindi.

Inji da batir

Kafin a shiga zancen kasuwa, ya kamata mu fahimci hajar da ake saye da sayarwa. Motar fetur murhu ce da aka ɗora bisa tayu. Fetur da iska suna haɗuwa a cikin silinda, fulogi ya ba da tartsatsi, abin ya kama da wuta, ƙarfin fashewar ya tura fistin, fistin ya juya ƙarfen da ke kai ƙarfi ga giya, giya kuma ta miƙa wa tayu. Tun da wuta ake hurawa, dole a tanadi lagireto da ruwa da fanka domin sanyaya ta. Tun da ƙarafa suna gogar juna, dole a zuba baƙin mai. Tun da akwai hayaƙi da ƙara, dole a ɗaura salansa. Duk da wannan ɗawainiya, abin da ke isa ga tayu daga ƙarfin lita ɗaya ta fetur bai cika wuce rubu'i ba. Sauran ya tafi a zafi.

Motar lantarki ba ta hura wuta. Abubuwa uku ne ginshiƙanta: batir mai ajiye wuta, da na'urar da ke daidaita fitar wutar, da injin lantarki mai juya tayu, wanda ɗan'uwa ne ga wanda ke juya fanka ko famfon rijiyar burtsatse, sai dai ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Babu fulogi, babu fistin, babu salansa, babu juyen baƙin mai, kuma yawancinsu giya ɗaya gare su. Fiye da kashi uku cikin huɗu na wutar da aka zuba mata yana isa ga tayu. Daɗin daɗawa, idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, sai injin ya juye ya zama janareta, yana rage gudun mota yana mayar da wuta cikin batir.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan sabuwar ƙira ce. Ba haka ba ne. Motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa ta lantarki ce, wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya tuƙa ta a Faransa a 1899. Wajen 1900 kuwa, kimanin sulusin motocin Amurka da batir suke tafiya. Abubuwa uku suka kayar da ita: an sami man fetur mai arha a Texas, Ford ya karya farashin motar fetur, sa'an nan a 1912 kamfanin Cadillac ya sa wa motarsa kik na lantarki, aka huta da wana inji da hannu, wahalar da ita ce ke korar masu saye da yawa. Amma babban dalilin yana cikin batirin kansa. Batirin dalma, irin wanda ke gaban motocinmu har gobe, nauyi gare shi, ga ƙarancin abin da yake iya ɗauka. Motar da za ta yi doguwar tafiya da shi, rabin ƙarfinta zai ƙare ne wajen jan batirin.

Batirin litiyam

Ashe ke nan matsalar motar lantarki, shekara kusan ɗari, matsalar mazubi ce. An warware ta ne daga wajen masana'antar mota. Masana uku, Stanley Whittingham da John Goodenough da Akira Yoshino, su suka aza harsashin batirin litiyam tsakanin shekarun 1970 da na 1980, aka ba su lambar Nobel a kan haka a 2019. Kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da shi a 1991, domin kyamara da ƙananan na'urori. Litiyam shi ne mafi rashin nauyi a cikin ƙarafa, saboda haka batirinsa yana ɗaukar wuta ninki-ba-ninki bisa na dalma a nauyi ɗaya. Shi ne a cikin wayar da ke aljihun mai karatu. Abin da kamfanin Tesla ya yi a 2008, da ya fito da motarsa ta farko, shi ne ya jera ƙananan batura kusan dubu bakwai, irin na kwamfutar tafi-da-gidanka, ya mai da su batir guda. Nissan ya biyo baya da motarsa Leaf a 2010.

Ana auna abin da batir ke ɗauka da kilowat-awa, watau yunit ɗin nan da muke saye a mitar wutar gida. Matsakaiciyar motar lantarki tana ɗaukar yunit 50 zuwa 80. A 2010, kuɗin ƙera batir ya haura dala 1,000 a kan kowane yunit. A 2024 ya sauko zuwa kimanin dala 115. Mu yi lissafi: batir mai yunit 60, wanda a 2010 zai ci fiye da dala 60,000, a 2024 bai kai dala 7,000 ba. A ganina, wannan lissafi shi kaɗai ya fi dukan jawaban taron sauyin yanayi bayyana dalilin da ya sa motar lantarki ta bazu. A 2020 an sayar da kimanin miliyan 3 a duniya, a 2022 aka haura miliyan 10, a 2023 aka kusa miliyan 14, a 2024 aka wuce miliyan 17, watau fiye da ɗaya cikin kowace sababbin motoci biyar. Sai dai a lura, waɗannan alƙaluma sun haɗa da motoci masu ruwa biyu, waɗanda ake yi wa caji kuma suna da injin fetur.

Batirin litiyam iri-iri ne, amma biyu ne suka mamaye kasuwa. Akwai mai haɗin nikel da manganis da kobalt, wanda ya fi ɗaukar wuta amma ya fi tsada. Akwai kuma mai haɗin baƙin ƙarfe da fosfet, wanda ba ya bukatar nikel ko kobalt. Bai kai na farkon ɗauka ba, amma ya fi arha, ya fi jure yawan caji, kuma bai cika kamawa da wuta ba. Kamfanonin Turai da Amurka da Koriya ta Kudu sun raina na biyun, suna ganin batirin talaka ne. Kamfanonin Sin suka rungume shi, suka yi ta gyara yadda ake jera shi har ya isa tafiyar yau da kullum. Zuwa 2024 ya cinye kusan rabin kasuwar batirin mota ta duniya, kuma kusan dukansa a Sin ake yin sa.

Yadda Sin ta shiga gaba

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun 1984, lokacin da Volkswagen ya ƙulla haɗin gwiwa a Shanghai, gwamnatin Sin ta sharɗanta wa baƙin kamfanoni cewa sai sun haɗa hannu da kamfanin gida kafin su ƙera mota a ƙasar, da fatan 'yan gida za su koyi sana'ar. Sun koya, amma ba su kamo Jamusawa da Japanawa a ƙirar inji ba, domin wanda ya riga ka da shekara ɗari ba a cim masa a shekara ashirin. Wani injiniya mai suna Wan Gang, wanda ya yi shekaru yana aiki a kamfanin Audi a Jamus, yana cikin waɗanda suka nuna wa hukuma cewa bin sawun inji wahalar banza ce, gara a yanke hanya a tari gaba a inda kowa bai kai ba tukuna. An naɗa shi ministan kimiyya da fasaha a 2007. Akwai kuma wasu dalilai biyu da suka ƙarfafa shawarar: Sin tana sayo yawancin man da take sha daga waje, kuma hayaƙi ya turnuƙe manyan biranenta.

Daga 2009 gwamnati ta shiga ba da tallafi, ta fara da motocin safa da tasi na birane. Birnin Shenzhen ya gama mayar da motocin safarsa, sama da 16,000, zuwa na lantarki a ƙarshen 2017. Ga masu saye na kansu kuwa, dabarar da ta fi tallafin kuɗi tasiri ita ce lambar mota. A Beijin sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya sami lambar motar fetur, a Shanghai kuwa gwanjonta ake yi, kuma kuɗinta kan kai na wata ƙaramar mota. Mai motar lantarki sai aka sauƙaƙa masa samun koriyar lamba. Sa'an nan daga 2015 zuwa 2019 aka fitar da jerin kamfanonin batir waɗanda sai an yi amfani da nasu za a sami tallafi, kuma babu manyan kamfanonin Koriya da Japan a ciki. A cikin wannan shinge ne kamfanin CATL, wanda aka kafa a 2011 a garin Ningde, ya girma har ya zama shi kaɗai ke yin fiye da sulusin baturan motocin duniya.

Labarin kamfanin BYD ya fi kowanne tabbatar da abin da muke faɗa. Wang Chuanfu ya kafa shi a Shenzhen a 1995, kuma sana'arsa ta fari batirin wayar hannu ce. Sai a 2003 ya sayi wani ƙaramin kamfanin mota ya shiga harkar. Watau maƙerin batir ne ya koyi ƙera mota, alhali takwarorinsa na Yamma maƙeran mota ne da ke sayen batir a hannun wasu. A watan Maris na 2022 ya daina yin motar fetur zalla. A 2023 ya ture Volkswagen daga matsayin sunan da aka fi saye a Sin, matsayin da Bajamushen ya daɗe yana kai. A 2024 ya sayar da motoci miliyan 4.27, kuma ƙaramar motarsa Seagull ba ta kai dala 10,000 ba a kasuwar gida. A 2025 kuma ya wuce Tesla a yawan motocin batir zalla, shi da sama da miliyan 2.2, Tesla da kimanin miliyan 1.6.

Ba a nan kaɗai ƙarfin yake ba. Batir daga dutse yake farawa, kuma duwatsun ba a Sin kaɗai suke ba. Ostireliya da Chile su ne manyan masu fitar da litiyam, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ita ke ba da kimanin kashi 70 cikin ɗari na kobalt, Indonesiya kuma ita ce kan gaba a nikel. Amma dutse ba ya shiga batir sai an tace shi ya zama gishiri mai tsabta ƙwarai, kuma a wannan mataki na tsakiya Sin ta kafa rumfa: fiye da rabin litiyam na duniya, da mafi yawan kobalt, da kusan dukan girafait na batir, a can ake tace su. Mai ma'adini yana haƙa, mai mota yana harhaɗawa, amma dukansu biyu sai sun bi ta ƙofarta.

Kada mai karatu ya zaci komai lafiya lau yake a can. Tallafin ya haifi kamfanoni barkatai, da yawansu sun mutu, kuma masana'antun da suka rage suna iya ƙera fiye da abin da kasuwar gida za ta iya shanyewa. Bayan an janye tallafin saye a ƙarshen 2022, sai yaƙin karya farashi ya ɓarke, har ta kai a 2025 hukuma da kanta tana tsawata wa kamfanoni. Hajar da ta yi kwantai a gida kuwa dole ta nemi kasuwa a waje. Haka aka yi a 2023 Sin ta wuce Japan, ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da motoci.

Martanin Amurka da Turai

A nan ne mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ƙasashen da suka shekara suna koya wa duniya falalar buɗe kasuwa su suka fara jan ƙyaure. A watan Mayu na 2024 Amurka ta sanar da kuɗin fito na kashi 100 cikin ɗari a kan motocin lantarki na Sin. A watan Oktoba na shekarar, Tarayyar Turai ta ƙara nata bisa kashi 10 da ake biya a da: kashi 17 a kan BYD, har zuwa kashi 35.3 a kan kamfanin SAIC, bisa hujjar cewa tallafin gwamnati ne ya sa motocin suka yi arha. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ita kaɗai ce gaskiyar ba, domin Turai ma ta ba da tallafi, batir ne dai ba ta samu ba. Kamfanin Northvolt na Suwidin, wanda aka ɗora wa fatan ya zama maƙerin batir na Turai, ya durƙushe a watan Maris na 2025 bayan ya cinye biliyoyin daloli.

Abin da ya fi wahalar da kamfanonin Yamma shi ne rashin tsayawar gwamnatocinsu a kan magana ɗaya. Ƙera sabuwar mota, daga zane zuwa kasuwa, kan ɗauki shekara huɗu ko biyar, amma doka tana sauyawa da kowane zaɓe. Amurka ta sabunta rangwamen dala 7,500 ga mai sayen motar lantarki a dokar 2022, sabuwar gwamnati ta kawo ƙarshensa a ƙarshen Satumba na 2025, kuma a watan Disamba kamfanin Ford ya sanar da asarar dala biliyan 19.5 a kan shirye-shiryensa na lantarki da ya soke. Jamus ta yanke nata tallafin ba zato ba tsammani a Disamba na 2023, cinikin motocin batir ya faɗi da fiye da rubu'i a 2024, kuma a ƙarshen shekarar Volkswagen ya daidaita da ƙungiyar ƙwadago a kan rage guraben aiki 35,000 kafin 2030. Tarayyar Turai da ta zartar a 2023 cewa daga 2035 ba za a ƙara sayar da sabuwar mota mai hayaƙi ba, a Disamba na 2025 hukumar zartarwarta ta kawo shawarar sassauta wa'adin. Ƙasar Norwe ce ta fita daban. Ta daɗe tana ɗauke wa motar lantarki haraji, har a 2024 kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocinta suka zama na batir zalla, ita da take haƙo man fetur tana sayar wa wasu. Toyota kuwa, wanda ya fi kowa sayar da motoci a duniya, ya tsaya ga motarsa mai ruwa biyu wadda ya fara da Prius a 1997, kuma zuwa yanzu bai yi asara da hakan ba.

Wani zai tambaya, shin motar tana da tsabtar da ake faɗa? Ba ta da hayaƙi a titi, wannan babu musu. Amma ƙera batirinta yana fitar da hayaƙi fiye da ƙera inji, kuma fiye da rabin wutar Sin daga gawayin kwal take fitowa. Sai ta yi tafiya mai ɗan yawa take biyan wannan bashi, daga nan ta shiga gaban ta fetur, kuma saurin biyan ya danganta da inda wutar ta fito. Ramukan kobalt na Kwango, inda aka sha samun ƙananan yara suna haƙa da hannu, su ma suna cikin lissafin da mai tallar mota ba ya karantowa.

Mu a nan gida

Nijeriya ta taɓa shiga wannan sana'a. A cikin shekarun 1970, da kuɗin mai suka shigo, gwamnati ta haɗa hannu da kamfanonin Turai aka kafa masana'antu shida: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, dukansu a 1975, sai Steyr a Bauchi, da Fiat a Kano, da Mercedes a Inugu, da Leyland a Ibadan. Fijo 504 ta Kaduna ta zama motar ma'aikacin gwamnati da direban tasha baki ɗaya. Amma injin da giyar a cikin akwatuna suke zuwa daga Faransa, a ɗaura su a Kakuri. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sai akwatunan suka gagari saye, motocin tokumbo suka cika gurbin. Mun harhaɗa mota, zuciyarta kuwa ba mu taɓa ƙera ta ba. Wanda ya harhaɗa motar lantarki a yau da batirin da aka sayo daga Ningde ko Shenzhen, a daidai wurin da Kaduna ta tsaya a 1975 yake tsaye.

Duk da haka, ba a rasa abin ambato ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana siffar motar gwaji ta Chevrolet Volt wadda kamfanin General Motors ya nuna a Detroit a 2007. Ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023, kuma a zamaninsa aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan motocin haya yana sa musu batir, gwamnatin Borno kuma ta fito da tasi masu lantarki a Disamba na 2023.

Abin da ya mayar da zancen daga sha'awa zuwa lissafi shi ne janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a Oktoba na 2024. Mu gwada da tafiyar Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230. Motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha kamar lita 18, watau wajen naira 18,000 a farashin wancan lokaci. Motar lantarki mai shan yunit 17 a kilomita 100 za ta sha kamar yunit 40, kuma ko da farashi mafi tsada na naira 225 da aka sanya a Afrilu na 2024, naira 9,000 ke nan. Rabin kuɗi. Amma lissafin takarda ne, domin ya ɗauka akwai wutar. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 wadda wutar da ake rarrabawa a cikinta ke kai-komo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ba za ta ciyar da motoci da abin da bai ishi fitilu ba. Wanda ya yi wa motarsa caji da janareta kuwa, fetur ɗin dai ya saya, ya bi da shi ta doguwar hanya. Habasha, da ta hana shigo da motocin fetur na hawa a farkon 2024, ta yi haka ne tana jingine da babbar madatsar ruwanta ta kogin Nilu. Saboda haka a ra'ayina ƙofar da ta fi kusa da mu ba motar alfarma ba ce. Babur ne da a-daidaita-sahu, masu ƙaramin batir wanda faifan hasken rana zai iya cikawa, ko a cire shi a musanya da cikakke cikin minti kaɗan, kamar yadda ake yi a Kenya da Ruwanda da Benin da Togo. Ɗan acaɓa, wanda kullum sai ya sayi mai, shi zai fara ganin ribar a aljihunsa.

Sai batun dutse. An sami litiyam a jihohin Nasarawa da Kaduna da Kwara da wasunsu, kuma a watan Mayu na 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Nasarawa, mallakar wani kamfanin Sin. Aikinta niƙa dutse da ware mai kyau daga tsakuwa, matakin farko ke nan a cikin matakai da yawa kafin a kai ga batir. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel daga 2020 har ta tilasta wa masu saye suka gina matatu a ƙasarta, Zimbabwe ta bi sahu da ɗanyen litiyam a Disamba na 2022. Amma mai dogara da dutse ya sani farashinsa ba shi da amana: litiyam ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, kafin ƙarshen 2024 ya zubar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na darajarsa.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba, watau makanike. Yawancin motocinmu tsofaffi muke sayowa, saboda haka abin da Turai da Sin suka hau yau, shi zai sauka a tashar jiragen ruwan Legas da Kwatano nan da shekara goma. Bahaushe ya iya duba tsohuwar motar fetur: ya saurari ƙarar inji, ya leƙa hayaƙin salansa, ya zaro ƙarfen awon baƙin mai ya murza a yatsa. Lafiyar batir kuwa ba a jin ta da kunne, ba a ganin ta da ido, sai an jona kwamfuta. Zafi yana tsufar da batir, mu kuwa zafi muke da shi, kuma mota mai mataccen batir gangar jiki ce kawai, domin sabon batir kan iya fin kuɗin da aka saye ta. Mai sayar da fulogi da fistin a Ƙofar Ruwa, da mai walda salansa a Panteka, hajarsu za ta ragu sannu a hankali, kamar yadda kabureta ta ragu da injekta ta shigo. Bugu da ƙari, batirin da yaron makanike ya saba ɗauka a ka mai bolt 12 ne, yana taɓa kawunansa da hannu ba abin da ya same shi. Na motar lantarki bolt 400 ne, wasu ma 800, kuma kuskure ɗaya a kansa ya isa ya kashe mutum. Duk wanda zai koya wa yaron nan wace waya ce ba a taɓawa, da yadda ake yanke wuta kafin a sa sifana, da Hausa zai koya masa, domin da ita ake aiki a gareji, littattafan da ke zuwa tare da motocin kuwa ba da ita aka rubuta su ba.